Masaƙin Cikin Jini

Ran Talata da sassafe, a asibitin Kuopio,
Kyllikki ta ɗaure min dantse da roba,
ta ce, "Dunƙule hannu, Aulis."
Kwalba uku ta cika. Na kau da kai
ina kallon dusar ƙanƙara na rufe motoci.

Shekara ashirin da shida ina jan bas.
Kujera ta fi matata sanin nauyina,
tumbi kan riga ni shiga ɗaki.

Ta ce akwai masaƙi a cikin jini.
In ka yanke, shi ke jan zare ya toshe kafa.
Aikin kirki ne.
Amma mai yawan zama, nasa masaƙin kan ƙosa,
ya kama saƙa inda babu rauni.

Ai na san shi.
Shi ya tarar da babana a bayan gida,
gatari a hannu, itace rabin fashi,
yana da hamsin da huɗu.
Ni saura wata bakwai in kai.

Suka ɗora ni kan keken da ba ya zuwa ko'ina,
bututu a baki, wayoyi a ƙirji.
Minti tara, na ga taurari da rana tsaka.

Yanzu kullum kafin gari ya waye,
wayewar da nan sai ta ga dama,
ni da Reijo maƙwabcina muna bin bakin tafkin Kallavesi.
Shi yana zagin gwiwarsa, ni ina haki,
numfashinmu na tashi fari
kamar tukunya biyu a kan wuta.
Bai ce min komai kan babana ba.
Safar hannu kawai ya ara min.

Da ƙanƙara ta narke na koma.
Kyllikki ta bi takarda da ɗan yatsa,
ta ce, "Ya sauka. Kaɗan."
Na ce, kaɗan nawa?
Ta ce, "Kaɗan ɗin da ba a sayarwa a kanti."

Ban san ko masaƙin ya ajiye zarensa ba.
A tashar ƙarshe dai nakan kashe inji,
in sauka, in zaga bas sau biyar,
wata tsohuwa mai jar hula tana ƙirga min ta taga.
Jiya na yi huɗu zan hau,
ta ƙwanƙwasa gilashi.