Jakar Maite

A shagon Don Eladio, gindin tudun Valparaíso,
Maite ta zube kayanta kan tebur:
kyamara da idanunta biyu,
kwamfutar cinya mai tabon faɗuwar bara.

Ya sauko mata da baƙa mai sheƙi, aljihu sha ɗaya.
Ta goya, ta hau matakalar unguwa,
taki ɗari da ashirin.
Kafaɗa ta ce: ba da ni ba.

Ta dawo tana haki,
ta jawo wata toka-toka daga lungu,
zif ɗinta a jikin gadon baya,
inda yatsun ɗan sane ba sa kaiwa.

"Wannan ai mummuna ce," in ji tsohon.
Ta ja maɗaurin ƙugu, ta gyara tsayuwa.
"Ba hotonta zan ɗauka ba."