Lamba Ɗari Uku da Sha Biyu

Shekarata arba'in da tara
ran da suka sa kwaɗo a bakin ramin kwal na Mieres.
Aka turo takarda, aka ce in sa hannu,
aka ce, "Anselmo, je ka huta, ka sha wuya."
Na miƙa fitilar goshi ga mai ajiya,
ya soke lambata, ɗari uku da sha biyu,
ko kai bai ɗago ba.

Ashe hutu ma sana'a ce, sai wanda ya koya.
Biyar na asuba ido ya buɗe da kansa,
ƙafa ta lalubi takalmi, alhali ba wurin zuwa.
Covadonga ta ja bargo, ta ce,
"Ramin ne ya mutu, ba kai ba. Kwanta."
Na kwanta ina sauraron ruwa a kan rufi,
ina ƙirga ɗigonsa kamar mai jiran albashi.

Wata uku na yi a shagon gahawar Tinín,
mu shida, tsoffin abokan duhu,
muna karta, muna tari,
muna juya labari ɗaya har ya gaji da mu.
Fansho kan shigo da fara'a farkon wata,
kafin ashirin ya fara neman takalminsa.
Ga Olaya, 'yata, tana karatu a Oviedo,
littafi guda ya cinye cefanen mako.

An ce zomo ba ya kamuwa daga zaune,
sai na tashi na sayo takwas.
Covadonga ta raɗa wa kowanne suna,
daga ranar wuƙa ta haramta a kansu,
su ke ci, mu ke bauta.
Na gwada kiwon zuma,
suka kumbura min ido, suka yi ƙaura kafin kaka.
Na ja motar burodi sati biyar,
ɗan ƙanwar mai gidan ya dawo daga birni,
aka gode min, aka karɓi makulli.

Wata Laraba, ina neman guduma a rumfar mahaifina,
hannuna ya faɗa kan gizagonsa,
ya yi tsatsa, amma ƙotar na nan da shaidar yatsunsa.
Shi masassaƙin takalmin katako ne,
irin mai ƙafa uku da ake taka taɓo da shi.
Ni na raina aikin ina saurayi,
na ce kuɗi na ƙarƙashin ƙasa.

Na farko da na sassaƙa,
duka biyun na ƙafar hagu suka fito.
Tsohuwa Herminia, maƙwabciyarmu, ta yi dariya har da hawaye,
sannan ta cire nata, wanda babana ya yi mata,
ta ɗora min a cinya.
"Sa yatsa ciki," in ji ta. "Ka ji inda ya rage wa dunduniya wuri?
Itace ba kwal ba ne, ba a yi masa faɗa."
Damina guda na yi ina ɓata itace
kafin hannu ya daina duka, ya koyi lallashi.

Yanzu duk Lahadi ina kasuwar Grado
da tebur mai ɗingishi da takalma goma sha.
Baƙi na sayen ƙanana su rataye a bango,
ba na jayayya, kuɗinsu ma kuɗi ne.
Amma ran da manomi ya gwada,
ya taka, ya juya, ya ƙi cirewa,
ya tafi da tsohon takalminsa a hammata,
ranar nakan yi wa zomaye ƙarin karas.

Ba arziki ba ne.
Ya biya littattafan Olaya, ya gyara rufin kicin,
wani watan ko kuɗin mai ba ya fitarwa.
A bayan hannuna akwai shuɗin tabon kwal
da ba sabulun da zai fitar,
farin garin itace ke kwana a kansa yanzu.
Biyar na asuba ido na buɗewa har yau,
Covadonga ba ta cewa komai,
sai dai in zan fita ta ce in ja mata ƙofa,
sanyi na shigowa.