Ƙofar da Ba a Rufewa

I

Shekarar da aka zaɓi mijina wakilin talakawan Rum
aka ce mini: Fufiya, cire sakata.
Doka ce. Ƙofar wakili ba ta rufuwa,
ko da dare, ko ana ruwa.

Sai ga ni ina kwana da mayafi biyu,
iskar kogin Tiber na lasar fitila,
karnukan unguwa sun san ɗakin girkina
fiye da dangin uwata.

A garin nan shugabanni biyu ne.
Kun ce ba a sarki biyu zamani ɗaya?
Mu tun kakanni muka kori sarkin,
muka tsaga kujerarsa gida biyu,
kowa idonsa a hannun ɗan'uwansa,
shekara na cika su sauka.

Wani dare Statiyus mai gasa burodi ya faɗo mana,
gari a gashinsa, jini a leɓe.
Bashin alkama ne. Masu sanda na biye da shi
da umarnin shugaba a bakinsu.
Numeriyus ya tashi ba takalmi,
gajere ne, mai yawan tari,
ba takobi, ba ko wuƙar yanka albasa.
Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce: Na hana.

Kalma biyu. Sanduna suka sunkuya.
Babbansu ya sandare a tsakar titi
kamar wanda ya haɗiyi taɓarya.

Kada ku ɗauka waliyyi na aura.
Kafin kaka wani attajiri ya aiko mana
tulu shida na man zaitun,
idon mijina ya fara santsi.
Ranar da ya kai wa taro dokar gonakin attajirin,
Ofiliyus, abokin aikinsa, wanda ba sa ga maciji,
ya miƙe daga benci ya ce masa: Na hana.

Ya dawo bai taɓa abinci ba.
Na zauna ina kallon murhu:
duwatsu uku, ba mai jingina da wani,
tukunya kuwa zaune daram.
Daren nan na yi barci har da minshari,
ƙofa a buɗe.

II

Shekara dubu biyu sun bi ta kan sakatar.
Yanzu Ornella ce bisa ƙaramin babur,
ambulan a cikin rigar ruwa,
tana gangarowa daga fadar shugaban ƙasa zuwa majalisa.
Doka ce aka maido ba sa hannu:
ku sake dubawa.

Ba ta karanta ba.
Kuɗin haya take lissafi, da haƙorin ɗanta da ke ciwo.
In sun nace, takardar za ta sake hawa tudu,
dattijon ya sa hannu ko yana tsaki,
can ƙetaren dandali kuma
alƙalai goma sha biyar na goge tabarau.

Wurin shan kofi Ottavio ya tare ta:
Ƙasar nan ba a gama komai!
Wannan ya ɗaura, wancan ya kwance.
A ba mutum ɗaya, kwana uku ya isa.

Ta juya cokali ba ta tanka ba.
Kakarta ta yi zamanin mutum ɗaya.
An yi sauri, ta ce, ƙwarai an yi sauri,
kowa ya sayi kwaɗo na biyu,
da asuba aka ƙwanƙwasa,
ƙanenta ya fita da silifa
ba wanda ya isa ya ce: Na hana.

Ta ajiye kuɗin kofi, ta ta da babur.
Ruwa bai tsaya ba.
Ƙofar baya ta majalisa ta kumbura da laima,
mai gadi ya tokare ta da dutse don kar ta rufe.
Ya karɓi ambulan, ya duba agogo,
ya rubuta: huɗu da minti goma.