Kiwon Dare

Ruwan farko ya sauka a Oktoba,
jar ƙasar Aquidauana ta sha ta ƙoshi.
Kwana tara, ciyawa ta tofo
kore shar har bakin waya.
Valdomiro ne ya shuka ta kafin ya rasu,
ya ce, "Zenaide, wannan ba ta san fari ba,
ko a kan tsakuwa sai ta yi."
Bai yi ƙarya ba. Shanun maƙwabta a kanta suka yi tozo.

Ni kuwa tumaki na sayo,
ashirin da uku, daga Bahia, a bayan babbar mota,
da kuɗin keken ɗinkina da na zoben aure.
Na buɗe musu ƙofa, na ce ku ci.
Da hannuna na buɗe.

Mai farin goshi ce ta fara.
Rana tsaka ta bar garke,
ta cusa kai ƙarƙashin tankin ruwa
tana girgiza shi kamar wadda aka yi wa tayin banza.
Washegari kunnuwa sun kumbura sun rataye,
idanu sun liƙe da kwantsa,
fatar hanci ta ɗaye kamar ɓawon rogo,
ƙudaje sun sami wurin biki.
Na ɗaga fatar idonta:
rawaya, irin furen ipe da ya zube watan jiya.

Na zargi maciji. Na zargi rijiya.
Na zargi Aparecido, mai leƙen shingena tun bara,
Allah ya yafe mini, har gaisuwarsa na daina amsawa.

Dakta Neusa ta zo ran Laraba a kan babur,
ta farke gawa ta huɗu a kan buhu,
ungulaye na jira a reshen mangwaro.
Ta ɗago hanta a tafin hannu,
ta yi suntum, ta canja launi,
matsarmama ta cika tam.
Ta ce, "Ciyawar ce.
Tana toshe hanyar ɗaci a hanta,
koren da ya kamata ya fita sai ya koma jini,
ya kwanta ƙarƙashin fata yana jiran rana.
Rana na taɓa shi, ya zama wuta."
Na ce, to na Aparecido fa? Ita suke ci.
Ta ce, "A kanta aka haife su, su da uwayensu.
Naki baƙi ne, kuma yara."

Na san baƙo makaho ne ko da idonsa.
Ban san makantar na kaiwa har ciki ba.

Da yamma sai ga mutumin da na hana gaisuwa
ɗauke da kwanon rufi shida da damin ingirici.
Bai ce komai ba, guduma kawai ya nema.
Muka kafa rumfa, muka tsare su daga hasken Allah,
ina shafa musu man shafawa kamar masu ƙuna,
ina ɗura ruwa da kwalba.
Ya ba ni aron saurarsa ta bayan rafi,
inda ciyawar ba ta kai ba.

Yanzu sai rana ta faɗi nake kiwo.
Tocila a hannu, terere a gora,
ina ƙirga su tsakanin suri da suri:
goma sha shida.
Mai farin goshi na ciki, da rabin kunne,
har yau in ta ga ƙyallin gari sai ta nemi lungu.

A hanyar dawowa muna bin gefen waya.
Tana nan, farin wata na kwance a kanta,
iska na kaɗa ta, kyakkyawa, ba ruwanta.
Na tambayi kuɗin tarakta, ya fi ƙarfina bana.
Na so in tsine mata, bakina ya ƙi:
ita kaɗai ta rage da hannunsa ya taɓa.
Tumakin na miƙa wuya ta tsakanin waya,
ni kuma ina kora.