Kajli a Gefen Lahor

Tafkin da ubana Karam Din ke kora ɓaunayensa su yi birgima,
yau bene ne hawa bakwai, da mai gadi a ƙofa.
Lahor ta miƙe ƙafa har ta taɓo turkenmu.
Saura ni, da ɓauna huɗu, da inuwar dalbejiya guda.

Zafin Yuni ya sauko, Kajli ta kau da kai daga dusa,
baƙin gadon bayanta na shan rana kamar kaskon tuya.
Nonon da ke cika tulu biyu ya koma ɗaya da kurɓi.
Na ce kambun baka ne,
na rataya mata tsohon takalmi a wuya.

Ruksana, autata, ta dawo daga taron likitar dabbobi
da tiyo a kafaɗa, da littafi mai koren bango.
"Abba, tafki ya tafi, amma famfo bai tafi ba.
Wanka sau uku a yini.
A wanke hantsa kafin hannu ya taɓa.
Allurar nan ta saukar da nono kuwa, a binne ta."

Shekara arba'in ina tatsa.
Yau ƙwai ne zai yi wa kaza wayo?
Na ja shishata, na bar mata tiyonta.

Daren da Kajli ta haihu, wuta ta ɗauke.
Mu a gidanmu ba a ba jariri dakashi
sai mabiyiya ta faɗi; haka na taras.
Uku na binne a bayan dangar nan, haka na taras.
Ruksana ta riƙe fitilar waya da haƙora,
ta tura bakin ɗan a hantsa tun yana jiƙe.
Na buɗe baki.
Na tuna ukun, na rufe.

Yanzu shi ke tsinke igiya, yana bin kajin maƙwabta.

Da asuba Liyakat mai babur ya tsoma ma'auni a tulu,
ya duba maiƙo, ya sake dubawa,
ya ƙara rufi goma bai ko yi ciniki ba.
Kafin rana ta fito, nonon Kajli na cikin shayin mutanen bene,
masu barci a kan tafkin ubana.

Tiyon yana hannuna yanzu, in ba kowa.
Takalmin ma yana nan a wuyanta.
Ruksana ta gan shi, ba ta tanka ba,
ta dai lashi bakin fensir, ta rubuta:
Talata, lita goma sha ɗaya.