Maiƙo a Yatsa

Shekara ashirin hannuna na cikin baƙin mai,
a garejin Tashar Dukku, ƙarƙashin motocin mutane.
Ranar da Adda Fantu ta miƙo mini allin maiƙo
sai na damƙe shi kamar sifana.
Ya karye gida biyu.

Ta ce, "Giɗaɗo, ba noti kake ɗaurewa ba.
Sassauta. Kwantar da shi ta gefe."

Na ce Dutsen Bima zan zana,
yadda na gan shi wata la'asar
daga bakin ruwan Daɗin Kowa,
ranar da motar kifi ta mace mana a hanya.
Na cika takarda da ruwan ƙasa.
Dutse ya fito kamar buhun masara da aka yar.

Ta yi dariya har da dafa bango.
"Wa ya ce maka dutse launi ɗaya gare shi?
Shimfiɗa shuɗi, ɗora ja,
ka murza da yatsa
har su daina gaba da juna."

Na murza. Alli ya ɗau ɗumi, ya yi laushi, ya bi.
Inda ya yi kauri
na karce da makullin wata tsohuwar akori-kura,
sai haske ya leƙo daga ƙasa,
siriri, kamar hanyar awaki.

Yau da safe yarona ya ƙura wa farcena ido:
"Oga, wannan wane irin giris ne ruwan goro?"
Na ce miƙo mini sha uku,
mu rufe injin nan kafin la'asar.