Direba a Gaban Bishiyar Tenere

Kwana uku ne rabona da Yamai.
Ɗaya hanya ta cinye,
ɗaya ya tafi a sunan jikata,
na ukun Hamani ya tada babur:
"Baba, hau.
Ba a zuwa garinmu a koma da labarin shinkafa kaɗai."

Shekara talatin da huɗu ina jan tirela,
Funtuwa zuwa Ikko, Ikko zuwa Funtuwa,
ban taɓa zama bayan wani ba.
Na damƙe rigarsa kamar ɗan yaye.

Muka hau tsohuwar gada.
Kwara ce, wadda na sani a Jaba,
sai dai nan ba ta sauri,
ta miƙe ƙafa kamar wadda ta sauke tukunyar dare.
Masu wanki sun shanya barguna a gaɓa,
raƙumi da lodin tabarmi
ya tsare wa motar manya hanya, ko waige bai yi ba.
Hamani ya ce su Isa suke kiran ta.
Na ce ashe ruwa ma yana canza suna a kan iyaka.

A Babban Masallaci na ƙirga matakan hasumiya,
na kai sittin, gwiwa ta ce ita nan ta sauka.
A kasuwa mai kilishi ya ce jika biyu,
da Hausar da ta girmi tawa.
Na zaro naira, ya yi dariya har da dafa tebur.
Nan na yarda ina ƙasar waje.

Da la'asar sai gidan tarihi,
rumfuna farare masu kwalliyar shuɗi.
Ga ƙashin wata dabba da aka tono cikin rairayi,
na auna da ido, daga wuya zuwa jela,
na ce wannan sai an kwance ta kafin ta shiga bodi.
Ga dorina cikin kududdufi tana hamma.

Sai wani ɗan ɗaki kamar hubbare,
a ciki busasshiyar bishiya,
sirara, karkatacciya, ba ganye ko ɗaya.
Na ce, "Makamashi ma kuna yi masa gini?"

Ya ce, "Ita kaɗai ce a hamadar Tenere.
Tafiyar kwanaki ba wata inuwa sai tata.
Ayarin gishiri da ita suke gane hanya,
ba wanda ya karyi reshenta don ya dafa shayi.
Rannan wani direba..."
"Direba?"
"Na babbar mota. Ya banke ta."

Gabas fili, yamma fili,
kudu da arewa ba ko tsinke,
abu guda tak a tsaye a duniya,
shi ya samu.

'Yan makaranta suka fashe da dariya.
Ni ban yi ba.
Sun ce bugagge ne. Wataƙila.
Amma na san gyangyaɗin da ake yi ido buɗe,
na san abin da ka kafa wa ido
shi sitiyari yake bi.

Tegina, da asuba, ana yayyafi.
Jakin wani tsoho ɗauke da tukwane.
Ban tsaya ba.
A madubi na hango shi durƙushe
yana tsintar tsingaro ɗaya bayan ɗaya,
kamar za su sake haɗuwa.
Ko uwar 'ya'yana ban gaya wa ba.
Ba wanda ya gina wa jakin nan ɗaki.
Ni ke ɗauke da shi, ba kuɗin shiga, ba mai kallo.

"Baba, matsa kusa in ɗauke ka."
Na matsa.
A hoton hannuwana suna baya,
kamar wanda ɗan sanda ya tsayar.

Washegari na hau motar Ƙonni,
na zaɓi kujerar bayan direba.
Kilishi a cinya, ban taɓa ba.
Daga Doso har Dogonduci
idona na kan ƙeyarsa,
in ta ɗan sunkuya sai in yi tari,
kowace bishiya muka wuce lafiya
in ce mata sannu a zuci.